Bakteriya ba sa koyon jure magani

Malam, ka tambaya ko sabo ne ke sa bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da wasunsu ke haddasa cuta, su koyi jure magani. Gaskiya ba koyo ba ne. Tun kafin maganin ya iso, cikin miliyoyinsu akwai 'yan ƙalilan da aka dace suna ɗauke da wani sauyi a ƙwayoyin gadonsu. Magani ya kashe saura, su suka tsira, suka yi ta hayayyafa. Wasu fa duk minti 20 suke rabuwa biyu! Kafin ka ankara, zuriyarsu ta cika wurin. Irin wannan tankaɗe da rairaya Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya bayyana a 1859, alhali bai san DNA ba, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Fleming, wanda ya gano penisilin, tun 1945 ya ja kunne a kan haka.