Jaruman fim da ɓarnar da suke bari a baya

Malam, ka tambaya ko jaruman fina-finan nan masu ƙarfin ban mamaki sun cancanci jinjina, alhali duk faɗan da suka yi sai rabin gari ya rushe. A ganina wasu sun cancanta. Wanda mugu ya ritsa shi a tsakiyar jama'a ba shi da zaɓi.

Mai ba ni haushi shi ne wanda yake iya tashi sama, zai iya jan abokin gaba zuwa teku, amma ya maka shi da bene mai hawa hamsin. Kyamara sai ta bi jarumin, ta bar matar da ke tone ɓaraguzai da hannu tana kiran sunan ɗanta. Irin wannan, wallahi ba zan tafa masa ba.