Waken da aka yayyafa wa fiya-fiya: shanya da tafasa suna cire gubar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hankalina a tashe yake. Bana maigida ya samu wake buhu shida. Mai sayar da maganin ƙwari a kasuwarmu ya ba shi fiya-fiya ya yayyafa wa biyu, sauran huɗun aka jefa musu ƙwayar bom, kuma duka suna jingine a ɗakin da yarana ke kwana. Da na yi magana sai ya ce in an shanya a rana aka dafa, gubar ta tafi. Da gaske ne?
Wata uwargida daga Gumel, Jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam. Uwargida, kada yaran nan su sake kwana a ɗakin daga yau. A buɗe ƙofa da tagogi ɗakin ya sha iska, sannan a kwashe buhunan zuwa wurin da ba kowa ke kwana kusa ba. Ƙwayar bom, wato ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu, da zarar ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iska mai guba da ake kira fosfin, kuma buhun leda saƙaƙƙe ba ya riƙe ta. Wannan iska tana kashe mutum cikin barci, ba ta kuma da makari ko a asibiti. In kin ga amai, ciwon kai, ƙuncin ƙirji ko dalalar miyau a jikin yaro, asibiti kai tsaye. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Maganar shanya da tafasa kuwa, kullum sai na ji ta, na kuma gaji da jin ta. Rana da ruwan zafi suna rage wani abu, ba a musu. Amma rage nawa, daga cikin nawa? Fiya-fiya haɗin gida ne, sau da yawa da kananzir a ciki, babu takarda a jikin kwalbar, wanda ya haɗa shi ma bai san ƙarfinsa ba. Sinadarin da ke ciki, daiklobos, shi ne dai na cikin Sniper, kuma jijiyoyi yake kamawa, na ƙwaro da na mutum. Mai shago zai ce miki shekara da shekaru ana yi ba wanda ya mutu. Shi yana bin buhun har tukunya ne? Waken da aka fesa a Gumel yana iya ƙarewa a kaskon mai ƙosai a Legas, in wani ya kwanta a can wa zai dawo ya ba shi labari? A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, sai ga wani waken ya ninka ta sau ɗaruruwa. Wanda suka ƙi karɓa shi muke dafa wa 'ya'yanmu. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna, amma ki leƙa kasuwar ƙauye ranar cinta ki gani, tire-tire ake yawo da shi kusa da masu tumatir.

Abin takaicin shi ne bincike ya daɗe da warware matsalar kare wake daga ƙwari ba tare da guba ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 masanan Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru suka fara gwada ajiyar wake a leda mai rufi uku. A 2007 aka fara yaɗa shi da sunan buhun PICS, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi a Nijar ta gwada shi sosai, kuma a Kano ma ana ƙera shi. Ƙwaron tun daga gona yake shigowa, tsutsarsa na cikin ƙwayar wake. In aka toshe iska, su da kansu suke shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Ba a sa masa magani ko ɗigo.

Masu cewa buhun PICS ya ba su kunya, galibi ɗayan uku ne: wake bai bushe ƙayau ba, ledar ta huje, ko ana ta buɗewa ana ɗiba. A duba kowace leda a haske, a matse iska, a ɗaure kowane rufi daban, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera. Na cefanen yau da gobe a ware shi a jarka mai murfi, a cika ta har wuya.

Buhu biyun da suka sha fiya-fiya kada a ci, kada kuma a kai kasuwa a sayar wa wani ya ci. A yi musu alama a ajiye su iri, damina na zuwa. Huɗun na bom da sauƙi: a buɗe su a fili, a tsame ragowar ƙwayar da farin tokarta ba da hannu tsirara ba, a binne nesa da rijiya, a baza waken ya sha iska kwanaki, a sheƙe, sannan a zuba a buhun PICS. Ki nuna wa maigida wannan amsa, in ya so ya kwatanta kuɗin buhun da na kwalaben da ya saya.