Wai ana zama rabai a kwana 40 ta WhatsApp?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min, hankalina a tashe yake. Ƙanina ne ya haɗu da wani a Facebook wai shi rabai ne a Isra'ila, ya ce zai koya masa Kabala ya naɗa shi rabai cikin kwana 40, har da zoben Annabi Sulaimanu na kiran kuɗi. Sau biyu yana tura masa kuɗi, jarin shagonsa ne fa. Wai haka ake zama rabai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kwantar miki da hankali. A'a, ba haka ake yi ba, ɗan damfara ne ya samu ƙaninki.

Rabai dai malamin addinin Yahudawa ne, kalmar a Ibrananci tana nufin malamina ko shugabana. Ba gado ake yi ba, masu gado su ne kohanim, zuriyar Annabi Haruna, kuma aikinsu na yanka ya tsaya tun da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Shi rabai karatu ne ke kai shi, sai malamansa su ba shi ijaza da suke kira semika. A Hebrew Union College, makarantar horar da rabai da aka kafa a Cincinnati ta Amurka a 1875 shekara 5 ake yi bayan digiri. 'Yan gargajiya kuma a yeshiba, wato makarantar addininsu, suke shekara da shekaru kan Talmud, littafin shari'arsu da in kana karanta warƙa ɗaya kullum sai ka yi kusan shekara 7 da rabi kafin ka sauke, warƙa 2,711 ce. Gershom Sizomu na Yahudawan Abayudaya a Uganda sai da ya je Los Angeles ya yi shekara 5 kafin a naɗa shi a 2008, kuma shi a cikin addinin ya tashi. To ƙaninki da bai san ko alef ba wa zai naɗa shi?

Amma abin da ke ƙona min rai, kuma wallahi kusan kullum sai an turo min irinsa, shi ne yadda mutanenmu suka ɗauka rabai wani gawurtaccen boka ne da ke riƙe da sirrin dukiyar Yahudawa, sun ji ana cewa wane da wane masu kuɗin duniya Yahudawa ne shikenan sai aka ce ai akwai laƙani, ai akwai zobe, ai akwai hatimi, su kuma 'yan 419 sun gano lagonmu sai su samo hoton wani dattijo mai gemu da baƙar hula su buɗe shafi. Haba jama'a! Attaura da kanta ta haramta tsafi da duba da tambayar matattu. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, likitanci yake yi ya ci abinci, kuma ya yi kaca-kaca da masu neman kuɗi da karatun addini. Ita Kabalar ma ilimin zurfi ne kan sanin Ubangiji, kamar dai tasawwufi a wajenmu, har akwai malamansu da suka ce kada a kusance ta sai an kai shekara 40. Kin ga nan shekara 40, can kwana 40.

Aikin rabai na gaskiya hidima ce, kuma mai gajiyarwa. Shi ne ɗaurin aure, shi ne jana'iza, shi ne zaman makokin kwana 7 da iyalin mamaci, duba marar lafiya a asibiti, koyar da yara, sasanta miji da mata, a buga masa waya tsakar dare ana tambayar ko naman nan ya halatta. Sannan Yahudawa ba sa bin mutane su shigo addininsu, wanda ya zo da ƙafarsa ma a al'adance sai an mayar da shi har sau uku, in ya nace ya yi karatu sannan ya tsaya gaban majalisar malamai uku. Ina wannan ina mai binka inbos yana cewa ka turo kuɗin turare?

Kada ki yi masa faɗa a gaban mutane, kunya ce ke sa irin su ɓoye su ci gaba da turawa. Ki zaunar da shi, ki ce ya tambayi mutumin wace makaranta ta ba shi semika, wace majami'a yake jagoranta, ya kuma nemi su yi kiran bidiyo. Ki adana rasit ɗin tura kuɗin da duk saƙonnin, ku kai wa banki da EFCC da wuri, ki kuma duba sunan da ke kan asusun da ya tura wa kuɗin, ba zan yi mamaki ba in na gida ne.