Hukuncin ludo, draf da dara a majalisar dare

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu 'yan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, muna sana'ar tumatir da albasa. Duk daren Asabar bayan sallar Isha'i mukan taru a ɗakin wani abokinmu a Agege mu buga ludo da draf, wani lokaci kuma dara. Ba ma sa kuɗi, sai dai wanda aka ci shi ne ke sayen shayi da tsire na wannan daren. Yanzu ɗaya daga cikinmu ya ce duk haramun muke yi. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ɗan'uwa. Haɗuwarku ba laifi ba ce, domin mutumin da ya baro iyaye da dangi a Arewa, ya wuni yana fama da kwanduna da cunkoson motocin Legas, yana da haƙƙin ya zauna da abokansa ya sarara, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Hanzala, kamar yadda Muslim ya ruwaito, lokaci na wannan, lokaci na wancan. Amma abubuwan da ka ambata hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Zan fara da abin da kuka ɗauka ƙarami, wato shayi da tsire. Wannan caca ce, ko da ba a ga takardar naira a kan tabarma ba, saboda ma'anar caca ita ce kowane ɗan wasa ya shiga yana tsakanin samu da asara, sakamakon wasan kuma shi ne ke yanke wanda zai biya. Allah ya haramta caca a suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ya kuma bayyana dalilin, cewa Shaiɗan yana so ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da sallah. Ayar ba ta bambanta babban kuɗi da ƙarami ba, kuma katin waya ko data da wasu matasa ke sawa duk hukuncinsu ke nan. Gyaran yana da sauƙi: ku riƙa sayen shayin bi da bi, ko ku yi karo-karo tun kafin a fara wasa, ta yadda ci ko rashin ci ba zai taɓa aljihun kowa ba.

Ludo kuwa matsalarsa tana cikin ɗan ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake girgizawa a jefa. Larabawa suna da wasa mai suna nardu wanda ake yi da irin wannan ƙwaya, kuma a kansa nassi ya zo ƙarara. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasan nardu kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa, Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wanda ya yi shi ya saɓa wa Allah da Manzonsa. A Muwaɗɗa ɗin dai an ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta aika wa wasu mazauna gidanta da ke da nardu cewa su fitar da shi ko ita ta fitar da su. Hadisan ba su ambaci kuɗi ba, shi ya sa mafi yawan malamai suka haramta shi ko da babu caca. Akwai malaman da suka ce haramcin yana rataye ne da caca, sai dai zahirin hadisan bai goyi bayansu ba, ni kuma abin da na gamsu da shi shi ne ludo ya shiga ƙarƙashin nardu, tunda jifar ƙwaya ce ke tafiyar da shi, ko a kan allo aka buga ko a cikin waya. Ku bar shi.

Draf da dara, haka nan ayo da maƙwabtanku Yarbawa ke bugawa, wasanni ne na lissafi da tunani, don haka malamai ke auna su da shaɗaranji, wato wasan da Turawa ke kira chess, wanda ba a sami ingantaccen hadisi a kansa ba. Wajibi ne in faɗa maka cewa mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a nan: Imamu Malik ya ce babu alheri a shaɗaranji, Ibn Abi Zaid kuma, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rubuta a Risala, wadda almajirai ke karantawa a zaurukanmu, cewa nardu da shaɗaranji duk ba su halatta ba. Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, wasu malamai kuma sun halatta da sharuɗɗa. Saboda haka abokinku bai yi magana da ka ba, kada ku yi masa dariya. Duk da haka, tunda babu nassi, kuma asalin al'adu halacci ne, ina ganin draf da dara sun halatta gare ku muddin babu caca, babu zagi da rantse-rantse, kuma wasan bai ci lokacin wani wajibi ba. Wanda ya bari don tsantseni ya fi kusa da kuɓuta daga saɓani.

Sharaɗin lokaci shi na fi ji muku tsoro. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i, malamai kuma suka bayyana cewa tsoron makara ga sallar Asuba yana cikin dalilan hakan. Ku da motocin kaya ke iso muku tun duhun asuba kun fi kowa sanin abin da raba dare ke yi wa jiki. Idan zaman ya kai ku ga yin Asuba bayan fitowar rana, ko ya sa mai iyali ya bar matarsa da 'ya'yansa suna jiran ƙwanƙwasa ƙofa har tsakar dare a garin da ba su da kowa sai shi, to zaman wannan daren ya haramta, ko da dara kaɗai kuka buga. Ku tsayar da lokacin tashi tun kafin ku zauna, wanda gidansa ya fi nisa kuma a sallame shi da wuri.

Wallahu a'alam.