Amsa ga ƙanwarmu mai shirin jarrabawar Kansil da neman aikin asibiti a Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, ina dutin dare ne, wato aikin kwana a asibiti, shi ya sa sai yanzu na samu zama. Kin ce kin kammala makarantar jinya, za ki zauna jarrabawar Kansil a watan Nuwamba, kina son sanin yadda za ki ɓullo wa karatun, kuma wai ko gaskiya ne ba a samun aiki a babban asibiti sai da hanya ko da kuɗi. Na daɗe a aikin nan, na yi ɗakin haihuwa na yi ɗakin yara, ɗalibai da dama sun bi ta hannuna. Abin da na lura da shi, yarinyar da hannunta ya faɗa ita ce ke tsallake Kansil ba da wahala ba, kuma ita ce ba ta daɗewa a gida. Don haka kada ki raba tambayoyin nan biyu a ranki.

Jarrabawar dai Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda muke kira Kansil, ce ke shirya ta. Ta jinya a Mayu da Nuwamba ake yi, ta ungozoma kuwa a Maris da Satumba. Mu da biro muka cika takardu har yatsa ya yi kanta, ku kuma a gaban kwamfuta za ku zauna kuna zaɓar amsa, sannan ga OSCE, wato jarrabawar gwada aiki da hannu, ga kare aikin bincikenki. In har duk rayuwarki waya kawai kike dannawa, ki je ɗaya daga cikin wuraren da 'yan JAMB ke gwaji a Samaru ko Tudun Wada ki zauna gaban allon ko sau biyu ne. Na ga mai ƙoƙari da lokaci ya ƙure mata don kawai hannunta na rawa a kan linzamin kwamfuta.

Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma ba don a haddace su ba. Yaranmu sai su haddace cewa amsar kaza C ce, ranar jarrabawa a juya tambayar kaɗan, shi ke nan ido ya raina fata. Ki riƙa tambayar kanki me ya sa sauran ukun ba su ne amsa ba. Tambayoyin da ke kayar da mutane su ne waɗanda duk amsoshin huɗu daidai ne, amma aka ce wanne za ki fara yi. Misali an kawo yaro gobara ta kama ɗakinsu, ya ƙone a fuska da ƙirji, muryarsa ta dushe. Ga wanke ciwo, ga maganin raɗaɗi, ga ƙarin ruwa, ga duba hanyar numfashi. Duk sai an yi su. Amma hayaƙi da zafi na kumbura maƙogwaro, in ya toshe babu ruwan da zai cece shi, saboda haka numfashi ne farko. Haka in mara lafiya ya fito daga tiyata ya ce jiri yake ji, kafin ki ruga kiran likita sai kin auna bugun zuciya da hawan jini kin duba wurin ɗinki ko jini na tsiyaya, don in kin kira likitan ma abin da zai tambaye ki ke nan. Ki duba kafin ki aikata. Wannan ƙa'idar kaɗai za ta warware miki tambayoyi masu yawa.

Sai lissafi, inda na san yawancinku ke gudu. Kada ki guje shi, maki ne a ɓagas ga wadda ta zauna ta koya. An rubuta a ƙara ruwa mil 500 cikin awa 4, robar da ke hannunki mai ɗigo 20 ce a kowane mil. Ki ninka 500 sau 20, ya ba ki 10,000. Awa 4 minti 240 ke nan. Ki raba 10,000 gida 240, ya ba ki 41 da 'yan kai, wato ɗigo 42 a minti. Ki riƙa duba jikin ledar robar don ganin adadin ɗigonta, domin ta yara ƙanana 60 ce, in kika yi lissafi da 20 kin kuskure nesa. Kullum ki yi guda biyar irin wannan bayan sallar asuba, da na allura bisa nauyin jiki, kamar artesunate na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: miligiram 2.4 ga kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Kafin Nuwamba za ki riƙa yin su ba tare da takarda ba.

OSCE kuwa ba a nan littafi ke aiki ba. Tasha-tasha ne, kowace minti kaɗan, ana kaɗa ƙararrawa ki bar abin da kike ki wuce gaba. Mai ba da maki na zaune da takarda a hannu, duk abin da ta gani ko ta ji shi take yi wa alama, abin da ke cikin zuciyarki ba ruwanta da shi. Na sha kallon ɗaliba ta shigo ta nufi tire kai tsaye, ta haɗa allura tsaf, ta yi ta daidai, amma ba ta gaida mara lafiya ba, ba ta faɗi sunanta ba, ba ta tabbatar da sunansa a kati ba, ba ta nemi izini ba, ba ta ja labule ba, ba ta wanke hannu ba. Ta gama ta bar allurar a kan tire maimakon akwatin zubar da allura, ba ta rubuta komai ba. Ta fito tana murmushi wai ta yi, alhali rabin makin tashar ya tafi. Ki riƙa faɗin abin da kike yi da baki, a bayyane. Kuma da Turanci za ki yi gwajin nan a gida, don matsalar 'ya'yanmu ba rashin sani ba ce, harshe ne ke sarƙewa in an tsare su da ido. Ki kwantar da ƙanwarki a kan tabarma, ki ba wata ƙawarki agogo da takardar matakai, ki yi ta maimaitawa har ki daina tunanin abin da ke biye. In kuna da dama ku koma ɗakin gwaji na makaranta ku uku ko huɗu, ɗaya na yi sauran na kama mata kuskure ba sani ba sabo.

Tun kafin sakamako ya fito ki ɗauko takardunki ki jera: sakamakon WAEC ko NECO, katin NIN, takardar haihuwa, takardar indijin, da sunan da makaranta ta yi miki rajista da shi a Kansil. Harafi ɗaya in ya saɓa, A'isha a nan Aishatu a can, ko ranar haihuwa ta bambanta, zai iya tsayar miki da lasisi ko ya hana a sa ki cikin tsarin albashi watanni. Masu shirin aure ku bar sunan da ke kan takardunku yadda yake.

Tsakanin gama jarrabawa da zuwan lasisi akwai jira, kuma a nan nake jin tsoro. Da an ga kin dawo gida da farin kaya unguwa za ta mayar da ke likita. Wannan ta aiko yaro da ledar allura daga kemis, wancan ya ce ki zo ki sa wa Baba ruwa a ɗaki. Kunya za ta hana ki cewa a'a, ga kuma ɗan abin sabulu da ake miƙowa. Ƙanwata, ki daure ki ƙi. Allura ɗaya na iya tayar wa mutum da borin jini ya sheme cikin minti kaɗan, ke kuma ba adrenaline a hannunki, ba iskar numfashi, ba takardar likita, ba lasisi. Ranar nan waɗanda suka roƙe ki su ne za su fara cewa ke kika kashe shi. In kina son hannunki kada ya kwance, ki rubuta takardar neman aikin sa-kai ki kai wa shugabar ma'aikatan jinya ta wani asibiti mai rajista, ki yi aiki ƙarƙashin idon babba.

To, batun aiki. Kowace yarinya a garin nan Shika take hange, ban ga laifinta ba: asibitin koyarwa na ABU ne, na tarayya, ga albashin CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya, ga cututtukan da ba za ki gani a wani wuri ba. Amma ɗaukar ma'aikata a asibitocin tarayya ba kullum ake yi ba, sai an ba da izini daga Abuja, kuma guraben ana raba su tsakanin jihohi bisa ƙa'idar Hukumar Daidaito ta Tarayya. Wadda ta ce ita Shika ko gida, tana iya shekara biyu tana jira. Alhali ga asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Manjo Ibrahim Abdullahi a Sabon Gari, ga St. Luke's a Wusasa, ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye, ga asibitocin Giwa da Makarfi da Ikara, ga ƙananan asibitocin matakin farko da ke ƙarƙashin hukumar jiha. Ni a ganina wadda ta yi shekara ɗaya a asibitin karkara, inda ita ce mai karɓar haihuwa ita ce mai neman jijiyar jaririn da gudawa ta zuƙe, ta fi wadda ta yi shekarar tana tura CV daga kan gado.

Zancen hanya, ba zan rufe ki ba, sanayya na aiki a ƙasar nan. Sai dai sanayyar da na ga ta fi ci ita ce ta babbar sista da ta ga aikinki. In gurbi ya buɗe, ko na wucin gadi ne, ita ake tambaya wa kika sani mai hannu, kuma ba za ta ba da sunan da zai zubar mata da mutunci ba. Na kuɗi kuwa, ki toshe kunnenki. Akwai 'yar maƙwabtanmu da wani ya ce mata yana da gurbi a hannu, uwarta ta sayar da awakinta aka haɗa aka tura masa, ya turo takardar kama aiki har da tambari da sa hannu. Ta yi kwalliya ta je kai kanta, ofis ɗin suka ce ba su san da zancen ba, lambarsa kuma tun ranar a kashe. Duk sanarwar da kika gani a WhatsApp ki tabbatar da ita a shafin asibitin ko a jarida ko allon sanarwarsu, kuma asusun wani mutum ba wurin biyan kuɗin gwamnati ba ne.

Asibitin kuɗi shi ne inda yawancinmu muka fara. Albashin ba ya taka kara ya karya, in kika cire kuɗin mota daga cikin gari zuwa Kwangila zuwa Samaru abin da zai rage kaɗan ne. Ki karɓa don ƙwarewa, amma ki yi tambaya kafin ki amsa: nas nawa ke kwana, akwai likitan da ake kira da dare, ranar hutu nawa. Ki dage a ba ki takardar ɗauka a rubuce, ranar barin aiki kuma ki karɓi shaidar tsawon zamanki. Aikin da ba takarda, a wajen masu tantancewa kamar ba ki yi shi ba ne.

Na taɓa zama cikin masu yi wa sababbi intabiyu, kuma ba tambayar littafi muka fi yi ba. Sai a ce an kawo mai ciki tana jijjiga, ke kaɗai ce a ɗaki, me za ki yi? Muna son jin kin kira taimako, kin kwantar da ita ta gefen hagu, kin kula da numfashinta, kin san magnesium sulphate ne maganin. Sai a bi ki da cewa kafin ki maimaita allurar bayan awa 4 me za ki duba? Wadda ta ce motsin gwiwa in an buga, da numfashi kada ya gaza 16 a minti, da fitsari aƙalla mil 30 a awa, kuma calcium gluconate na kusa ko da maganin ya yi yawa, to mun riga mun rubuta sunanta. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba amma za ki tambayi na gaba da ke. Mai ƙirƙiro amsa ita muka fi tsoro, don haka za ta yi a kan mara lafiya.

Ba ki faɗi ko digiri kika yi ba. In BNSc ce, wato digirin jinya, akwai shekarar sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, sannan bautar ƙasa, ki fara neman gurbin da wuri don masu nema sun fi guraben yawa. In kuma RN ce kaɗai, wato shaidar nas mai rajista, ki sa a ranki za ki ƙara shaida ta biyu. Ungozoma ta fi saurin samar wa mace aiki a yankinmu, ga kuma karatun jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, na kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kunne, na masu taɓin hankali a asibitinsu da ke Barnawa a Kaduna. Lasisin kansa duk shekara 3 ake sabunta shi, sai da shaidar halartar bitar MCPDP, wato bitar ƙara wa juna sani ta dole ga ma'aikatan jinya.

Masu cewa ki tattara ki tafi Saudiyya ko Ingila, ba yanzu ba tukuna. Can ma jarrabawa ce ke jiran ki, Prometric ga Saudiyya, IELTS ko OET da wata OSCE ɗin ga Ingila, kuma sai Kansil ta tantance takardunki. A Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sharaɗin shekara 2 na aiki kafin tantancewa, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. In lokacin ya yi ki karanta ƙa'idar da ke aiki a shafinsu da idonki, kada ki dogara da ejan.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: in akwai mai neman ki, ku yi maganar dutin dare tun yanzu a gaban manya. Na ga lasisi da yawa a ƙasan akwati saboda an bar zancen sai bayan biki.

Ki faɗa min wane fanni ne ya fi ba ki wuya, in ilimin magunguna ne ina da tsofaffin takardun da nake koyar da ɗalibai da su, sai in ɗauki hotonsu in turo miki ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba ku sa'a baki ɗaya.