Kukan Inji a Tsohuwar Hilux: Kada Ka Kwance Altaneta Sai Ka Tabbatar

Tambaya: Oga, an kawo Hilux mai fowil, injin 3L na gas, wato dizal. Tana wani kuka a gaba, yana ƙaruwa in an taka totur, fitilar batir kuma tana ƙyaftawa. In sauke altaneta, mai cajin batir?

Dakata tukuna, yaro. A gaban wannan injin abubuwa da yawa ke juyawa tare, kuma kukan ɗaya yakan bi ƙarfe ya fito ta wajen ɗan'uwansa. Fara da kunne. Tsuwa mai kaifi da safe, ko lokacin da aka kunna manyan fitilu, yawanci bel ne ya saki ko ya yi santsi. Yayyafa masa ruwa kaɗan: in ya yi shiru na ɗan lokaci, shi ne. Gurnani kamar ana niƙa tsakuwa kuwa boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa abu ya juya sumul. Ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin altaneta, ka kafa kunne a ƙotar, sannan ka yi haka a famfon ruwa. Ka tattare hannun riga, fanka ba ta san yaron gida ba.

Abin da ke raba gardama shi ne cire bel. Bel biyu ne, cire su, ka tada inji yana sanyi, kada ya kai minti 1, domin famfon ruwa ba ya juyawa. In kukan ya ɗauke, kashe inji ka juya kowane fuli, wato faifan da bel ke hawa kansa, da hannu, ka girgiza shi. Mai kaushi ko mai wasa shi ne mai laifi. In kukan yana nan, matsalar tana ciki, wajen borisan bel ɗin tayimin. Wannan ba a wasa da shi: ana canza shi a kilomita 100,000, in ya tsinke fistin ya daki bawul.

Sai mitar auna wuta. Inji a kashe, lafiyayyen batir yana nuna volt 12.4 zuwa 12.6. Inji yana aiki, 13.8 zuwa 14.5. Ƙasa da 13 ba ta caji, sama da 15 regileta, mai daidaita ƙarfin caji, ya mutu, yana dafa batir. Wannan ɗabi'a ta zare kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji, kada in gani a garejin nan. Wutar da ke tashi a lokacin ita ke ƙona dayod ɗin da ke cikin altaneta.

In ta tabbata altaneta ce, fara cire kan batir na baƙar waya. Babbar wayar da ke bayan altaneta kullum da wuta take, ko mota a kashe. In sifana ta haɗa ta da bodi, ka ƙona fis ɗin kusa da batir, in ba ka yi sa'a ba har da hannunka. Cire soket, cire babbar wayar, sassauta notin sama na jan bel, sannan dogon na ƙasa. Sifana 10, 12 da 14 sun ishe ka yawancin aikin.

A nan masu aikin motar fetur suke faɗawa rami. Altanetar 3L tana goye da famfon iska a bayanta, shi ke zuƙe iskar da ke sa birki ya yi laushi, kuma da baƙin man inji yake aiki. Don haka akwai bututun kawo mai, da tiyon mayar da shi, da tiyon iska. Ajiye tsumma a ƙasa. Notin bututun mai yana da wosha 2 na jan ƙarfe, sa sababbi, tsofaffin da aka riga aka matse sukan yi zufa. Leƙa cikin tsohuwar altanetar: in ka ga ta jiƙe da baƙin mai, sil, wato robar da ke tare mai, da ke tsakaninta da famfon ne ya mutu, man ya ɓata burushi, wato gawayin da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki. Ka mayar da famfon a kan wata ba tare da sabon sil ba, aikin zai dawo maka.

Ka ɗauki tsohuwar a hannu zuwa kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Jera ta da wadda za ka saya, ka kwatanta: ƙafafu, faɗin fuli, da bakin soket. Wasu tsofaffi regiletarsu a waje take, wasu a ciki, ba sa maye wa juna. Ni dai in nadin wayar bai ƙone ba, na fi son mai riwaya, wato mai gyaran nadin waya, ya sa boris da burushi a ta asali da a sayo sabuwa marar suna.

Wajen ɗaurawa, ɗiga ɗan mai a famfon ka juya shi da hannu kafin ka haɗa. Bel biyun a canza su tare, tsoho da sabo ba sa ja daidai. Danna tsakiya da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. Matse shi fiye da haka yana cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Tada inji, duba mita, duba yoyon mai, sannan ka taka birki sau da yawa a tsaye kafin mota ta motsa. In ya yi tauri kamar dutse, tiyon iska ka manta. Bayan kwana 2 ko 3 a dawo da ita a ƙara jan bel, sabo yana miƙewa.