Amsa: Yaya za mu sa jama'a su riƙa rera waƙa tare da mawaƙa?

Ɗan'uwa, ka ce mawaƙanku na ƙoƙari amma ikilisiya ta koma ƴan kallo. Amsata a taƙaice: ku rage ƙarar lasifika, ku sauko da murya daidai maƙogwaron kowa, ku zaɓi waƙoƙi masu amshi. Mutumin Damagaram da amshi ya tashi, daga waƙar daka har ta biki. Zabura 136 ma haka aka gina ta, ayoyi 26, kowace da amshi guda.

A majami'armu nan Zinder, wata Lahadi cikin zafin Afrilu wuta ta ɗauke ana tsakar yabo. Piyano ya yi shiru, wata mama daga zumuntar mata ta jawo tulu tana bugawa, sai ga ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har dattawan bencin baya da na ɗauka ba su iya waƙa ba. Ashe ƙarar lasifika ce ke hana su jin muryarsu. Sharaɗi ɗaya dai: sabuwar waƙa kada ta wuce guda a wata. Ku koyar da ita baki da baki kafin sujada, domin ba kowa ke karatun boko ba, ku kuma maimaita ta Lahadi uku a jere.